Me ya sa ba mu cika tura masu ciwon huhu wajen rihab ba?

SabonLikita ya rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Wata tambaya ce take ta cina tun satin da ya wuce, na ce bari dai in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu mai warware min.

Akwai wani dattijo da nake dubawa a wod ɗinmu, shekararsa 64, COPD ne da shi, ciwon nan na toshewar hanyoyin iska a huhu da ba ya warkewa, ya daɗe yana shan taba amma ya bari kusan shekara 5 kenan. Wannan ce kwanciyarsa ta uku cikin shekara ɗaya. Kullum abin iri ɗaya ne, ya zo yana haki kamar ransa zai fita, mu sa masa oksijin mu yi masa nebulaiza, injin nan na shaƙar magani, mu ba shi sitiroid da antibayotik, kwana 5 ko 6 ya warware mu sallame shi da inhela, bayan wata 3 ko 4 sai ga shi ya dawo. Ranar da za mu sallame shi wannan karon 'yarsa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce likita don Allah bayan wannan abin shaƙar babu wani abu kuma da za a yi masa ne, wai a gida daga gado sai kujera, wanka ma sai ya zauna ya huta sau biyu kafin ya gama, riga sai an sa masa. Wallahi kame-kame kawai na yi, na ce a kula da magani a guji hayaƙi da ƙura, ita ma na ga alama ta gane ban ba ta amsa ba.

Da na koma ɗaki na buɗe takardar ƙa'idar GOLD, wato jagorar duniya kan kula da COPD, sai ga shi ƙarara, wai irin wannan mutumin a tura shi shirin farfaɗo da masu ciwon huhu, rihab ɗin nan dai da muka karanta a makaranta muka rubuta a jarrabawa muka manta, kuma wai a fara cikin sati 4 da sallama. Abin da ya ɗaure min kai, tunda na fara aiki ban taɓa ganin an rubuta wa wani rifaral, wato takardar turawa, zuwa rihab na huhu ba, alhali mai shanyewar ɓarin jiki ko mai karaya tun yana kan gado ake kiran 'yan fisiyo, masu gashi da motsa jiki.

To shi ne nake tambaya, ku da kuka daɗe a aikin kuna turawa kuwa? In ba ku turawa me ya hana, abin ne ba ya aiki ko kuwa mu ne dai? Kuma tsakani da Allah ta yaya zan kalli mutumin da zuwa banɗaki ke gagararsa in ce masa ya je ya yi motsa jiki, ba zai ɗauka wasa nake da hankalinsa ba?

DattijonLikita ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, kuma bari in fara da tona wa kaina asiri, na fi shekara 10 ina duba masu ciwon ƙirji kafin in tura mutum na farko, ba don ban san da abin ba, raina shi na yi. A kaina a lokacin magani shi ne abin da ake rubutawa a kati a je a karɓo, shi wannan kuwa aikin wasu ne can.

Ina ga asalin matsalarmu mu likitoci lamba ce. An koya mana mu sa mutum ya hura sifirometa, na'urar auna numfashi, mu duba FEV1, wato yawan iskar da zai iya furzarwa a daƙiƙar farko, in ta hau mun yi aiki in ba ta hau ba ba mu yi komai ba. Shi kuwa rihab ba ya motsa wannan lambar, mutum ya gama sati 8 ka sake gwada shi za ka tarar tana nan inda ka bar ta, huhun da ya lalace ya lalace. Daga nan sai likita ya ce to meye amfaninsa. Abin da muke mantawa, hakin da dattijonka yake yi ba huhu kaɗai ke jawo shi ba. Ya tashi ya taka ya ji numfashi ya sarƙe, ya tsorata, ya koma ya zauna, iyali ma don tausayi su ce Baba zauna ka huta a kawo maka, a hankali tsokar cinya ta zube, ga sitiroid ɗin da muke ɗura masa duk kwanciya shi ma cin tsoka yake, ga kwana 6 a kan gado. Tsokar da ta yi laushi ɗan aiki kaɗan sai ta fara tara asid ɗin laktik, jiki ya nemi ƙarin numfashi don ya rage shi, shi kuma mai COPD in ya fara numfashi da sauri iskar ba ta samun lokacin fita duka kafin wata ta shigo, sai ta taru ƙirji ya cika kamar an hura balan-balan, haki ya ninka. Tafiyar da bara ke sa shi haki, bana rabinta ya ishe shi. Kai kana kallon huhu kana canza inhela, ciwon kuwa ya sauka ƙafa. Rihab ƙafar yake gyarawa, da tsoron.

Maganar ko yana aiki kuwa an wuce wajen. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, suka fitar a 2015 ta haɗa gwaje-gwaje 65, mutum 3,822, aka ga haki ya ragu gajiya ta ragu jin daɗin rayuwa ya ƙaru, nisan da mutum ke iya tafiya cikin minti 6 ya ƙaru da kusan mita 44 a matsakaici, kuma ana ɗauka cewa daga wajen mita 30 ne mara lafiya da kansa yake jin bambancin a jikinsa. Har editocin suka ce sun rufe bitar, ba sai an ƙara wani gwaji na kwatanta rihab da rashinsa ba. Ka faɗa min magani nawa ne a cikin waɗanda muke rubutawa kullum da aka taɓa cewa haka a kansu.

Wa za ka tura? Ni ma'aunin haki na MRC nake bi, wanda ke da mataki 1 zuwa 5, kamar yadda NICE, hukumar ƙa'idojin jinya ta Ingila, ta tsara, daga mataki na 3 zuwa sama, wato mutumin da sa'anninsa ke wuce shi a tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri saboda haki ko kuma sai ya tsaya ya huta ko da a hankali yake tafiya, sai kuma duk wanda bai daɗe da kwanciya ba saboda ciwon ya tashi. Dattijonka ya cika duka biyun. Wanda ba za ka tura ba shi ne mai ciwon zuciya da bai lafa ba, mai jin ciwon ƙirji na zuciya ko yana zaune, wanda bai daɗe da samun bugun zuciya na toshewar jijiya ba, da wanda sam ba ya iya takawa. Tsufa ba dalili ba ne, kasancewa a kan oksijin ma ba dalili ba ne.

LikitanKilinik ya rubuta:

Yallaɓai ranka ya daɗe duk abin da ka faɗa haka yake ban musa ko ɗaya ba, amma a bar ni in faɗi ɓangaren mu da muke zaune a kilinik, don kullum in aka tashi wannan zancen sai a ce likitoci ba su sani ba a yi musu bita, alhali ba nan gizo ke saƙar ba.

Ni na sani sarai, na tura kuma na daina. Na farko ina zan tura? Inda nake aiki sashen fisiyo nasu ya cika da masu shanyewar jiki da ciwon baya, babu wani tsayayyen shiri na masu huhu, in na rubuta takarda mara lafiya ya je a bubbuga masa baya a ce ya hura wata 'yar roba mai ƙwallaye a ciki sau biyu shikenan, wannan ai ba rihab ba ne, kuma ko layi ɗaya ba a taɓa rubuto min ba a ce ga abin da aka yi ga inda aka tsaya. Na biyu mutanen ba sa zuwa. Mutum yana haki daga ƙofar asibiti zuwa ofishina sai ya huta sau 3, ka ce masa ya riƙa zuwa sau 2 a sati har sati 8, wa zai kawo shi wa zai mai da shi, ɗan da zai rako shi aiki zai bari? A gabanka zai ce to likita, ya fita ya ninke takardar ya sa a aljihu sai wata rana ka gan ta a cikin ledar magungunansa ta yi baƙi. Na uku lokaci, ina da 'yan mintuna da kowane mutum ga layi a waje, in duba hawan jininsa in duba suga in nuna masa yadda ake shaƙar inhela don rabinsu a baki suke fesawa kamar turare, sannan in zauna in lallashe shi kan abin da ni kaina ban da tabbacin zai samu in ya je.

Sannan akwai wanda har yanzu yana shan tabarsa, warin ma a rigarsa kake ji, gaskiya ni ba na ɓata gurbi a kansa, ya fara taimakon kansa tukuna.

Kuma wani abu, na ga ana yawan yawo da binciken nan na Amurka da ya fito a mujallar JAMA a 2020, masu inshorar Medicare kusan 197,000 da aka kwantar saboda COPD, waɗanda suka fara rihab cikin kwana 90 da sallama kashi 7.3 cikin 100 suka rasu cikin shekara ɗaya da sallamar, waɗanda ba su fara ba kashi 19.6. Sai a ce ka gani rihab na hana mutuwa. A bi a hankali, ba gwajin da aka raba mutane da ƙuri'a ba ne, duba bayanan asibiti aka yi, kuma mai ƙarfin tashi ya je dama shi ne mai sauƙi-sauƙi a cikinsu, ko da masu binciken sun yi ƙoƙarin daidaita lissafin. Ni abin da na ɗauka a binciken daban ne, kashi 1.5 kacal ne suka fara. A Amurka fa, da kuɗinsu da cibiyoyinsu. To ni a wa.

AntiFisiyo ta rubuta:

Toh Dakta LikitanKilinik ka taɓo mu, dole in shigo. Maganar rashin rubuto muku amsa na karɓa laifinmu ne, ban da abin cewa. Bubbuga baya da hura roba kuma ba rihab ba ne, ka yi gaskiya. Amma ka zo ka ga irin takardun da ke zuwar mana, layi ɗaya ne, COPD a yi masa fisiyon ƙirji, sa hannu. Ba sakamakon sifirometa, ba a ce ga halin zuciyarsa ba, ba a ce ko oksijin ɗinsa na sauka in ya yi tafiya ba, ba jerin magunguna. Ka rubuta fisiyon ƙirji aka yi masa fisiyon ƙirji, to laifin wa?

Bari in faɗa wa ƙanina SabonLikita abin da ake yi a zahiri don ya samu abin gaya wa 'yar dattijon, ina ga rabin rashin turawar daga nan yake, yawancinku ba ku taɓa leƙowa kun gani ba. Ranar farko gwaji ne, baranda mai tsawon mita 30, mu sa alama a kowane ƙarshe, mu maƙala masa abin auna oksijin a yatsa ya yi ta kai-komo na minti 6, in ya gaji ya jingina da bango agogo na tafiya, mu rubuta nisan da ya yi da inda oksijin ya sauka da yadda bugun zuciya ya kai. Daga wannan ake yanka masa nasa aikin, ba na kowa da kowa ba. Sai zama sau 2 a sati aƙalla a gabanmu, sati 6 zuwa 12, yawanci dai 8, ga na gida a tsakani. Tafiya ko keken motsa jiki, tashi da zama a kujera, hawa ɗan mataki, ɗaga ƙarfe mara nauyi don hannu da kafaɗa saboda irin su wanka da sa riga hannu suke ci, shi ya sa suke wahalar da su haka. Muna nuna musu ma'aunin Borg na 0 zuwa 10 mu ce nan tsakiya muke so ka tsaya, wajen 4 zuwa 6, kana haki amma kana iya yi min magana a gutsure. Wanda ba zai iya ɗorewa ba sai a yi masa a yanyanke, ya yi kaɗan ya huta ya sake. Ga koyon fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura abu mai zafi, ga yadda zai sunkuya ya dafa gwiwa in numfashi ya sarƙe, ga fitar da kaki, ga gyaran shaƙar inhela ɗin da kake kuka da shi Dakta, ga gane alamun tashin ciwo tun kafin ya kai ga gado, canjin kalar kaki da ƙaruwarsa da ƙarin haki.

Babban abin da ke faruwa a satin farko ba a tsoka yake ba. Mutum ne ya yi shekaru yana ganin duk hakin da ya zo mutuwa ce ta leƙo, yau ga shi yana haki da gangan wata na tsaye kusa da shi tana kallon lamba tana cewa ba komai ci gaba, ya zauna minti 2 numfashi ya dawo bai mutu ba. Za ka ga fuskarsa ta canza. Ga kuma na kusa da shi da robar oksijin a hanci yana taka keke, sai kunya ma ta hana shi cewa ba zai iya ba.

Maganar nisa da rashin mai rakiya gaskiya ce, amma ba ta rufe ƙofa ba. A Ostireliya an yi gwaji da ya fito a 2017, mutum 166, rabi a cibiya rabi a gida, na gidan sau ɗaya mai fisiyo ya je ya tsara musu sai waya sau ɗaya a sati har sati 8, ba wasu injina, kuma da aka gama sakamakon ya zo daidai da na cibiya. Abin takaicin dai bayan shekara duka ɓangarorin biyu ribar ta zube, wannan kuwa halin rihab ne ko'ina, in an daina jiki na komawa gidan jiya. Kujera da baranda da agogo da abin yatsa da mutum ɗaya da ya san aikin, da su ake farawa.

Sai mai shan taba. Dakta a nan kam ban bi ka ba ko kaɗan. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya cewa ta yi a tura mutum ko yana sha ko ba ya sha, kuma wa ya fi mu damar yi masa maganar bari, mu da za mu gan shi sau 16 cikin wata 2, kai kuwa sai bayan wata 3 na 'yan mintuna? Mai suga da ya ƙi kiyaye baki ai ba ka hana shi insulin.

MaiHaƙuri ta rubuta:

Ku yi haƙuri likitoci ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, mara lafiya ce, na ga zancen ne na kasa wucewa. Ni ban taɓa shan taba ba, tarin fuka na yi, na sha magani wata 6 cif ban tsallake ko kwana ɗaya ba aka gwada aka ce na warke aka sallame ni, amma numfashina bai dawo ba, in na hau bene hawa ɗaya sai na zauna a kan matakala, in ɗauki yaro in yi taku 10 sai in ji kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Na koma aka sake gwajin kaki aka ce babu komai, wani ya ce asma ce ya ba ni inhela, wani ya ce damuwa ce na sa wa raina, har na fara zargin kaina.

Likitoci biyu ne suka yi min maganar motsa jiki kuma bambancinsu shi nake so ku ji. Na farkon yana rubutu ko ɗagowa bai yi ba ya ce ki dinga ɗan motsa jiki, na ce to, na fita ina cewa a raina wannan bai san abin da nake ji ba. Ta biyun ta juyo min da hoton ƙirjina ta nuna min tabon da ciwon ya bari ta ce wannan ba zai goge ba ba zan yi miki ƙarya ba, amma akwai maganin da zan rubuta miki wanda ba na sha ba ne, sati 8 ne, akwai mai lura da ke ba za a bar ki ki faɗi ba, kuma ranar kaza ki dawo ki gaya min yadda aka yi. Ta ɗauki waya a gabana ta kira su. Wallahi don na san za ta tambaye ni ne na je ranar farko, ba don na yarda ba.

Gwajin minti 6 na farko sau 3 na tsaya har da kuka, na ƙarshe ban tsaya ba ko sau ɗaya. Har yanzu ina haki ban ce na warke ba, kuma da na yi sakaci na wata 2 na ji jikin yana komawa sai da na sake ɗaura ɗamara. Dakta da ya ce ba ma zuwa, wasunmu ba a gaya mana ta yadda za mu je ba ne.

DattijonLikita ya rubuta:

Malama MaiHaƙuri Allah ya ƙara sauƙi, kin faɗi abin da mu muka kasa faɗa. Kuma kin tuna min, zancen ba na masu taba kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce COPD ya kashe sama da mutum miliyan 3 a 2019, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ne kawai na masu ciwon taba ta jawo musu, hayaƙin cikin gida na da babban kaso. Ga masu tabon tarin fuka irinki, ga masu buɗaɗɗun hanyoyin iska da kullum kaki ke taruwa, ga masu ƙanƙancewar huhu da ke yin tauri, waɗannan na ƙarshen ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta 2023 ta ce a tura su da babbar murya, sai dai oksijin ɗinsu na faɗuwa da sauri in suna motsi, dole a rubuta wa 'yan fisiyo wannan a takarda su shirya.

Abokina LikitanKilinik kan binciken JAMA ina tare da kai, kar mu yi wa mara lafiya alkawarin tsawon rai, abin da muke da tabbas a kai haki da ƙarfin tafiya da jin daɗin rayuwa, sai raguwar komawa gado da bitar Cochrane ta 2016 ta nuna ga waɗanda suka yi bayan tashin ciwo, ita ma sakamakon gwaje-gwajen bai zo iri ɗaya ba. Ƙanena kai kuma kar zumuɗi ya ɗebe ka ka je ka tasa dattijo gaba yana kan gado da ciwo a tsaye. An gwada haka a Ingila, ya fito a 2014, mutum 389, aka fara musu cikin awa 48 da kwanciya sannan suka ci gaba a gida ba mai tsayawa a kansu, bai rage dawowa asibiti ba, kuma mutuwa cikin shekara ta fi yawa a ɓangaren da aka yi wa, ba a gano takamaiman dalili ba. A wod a tashe shi ya zauna ya ɗan taka kar ya sandare, wannan daban, amma cikakken shirin bayan sallama ne cikin sati 4.

LikitanKilinik ya rubuta:

Anti na ji, maganar takarda mai layi ɗaya ta same ni don haka nake rubutawa. Na mai taba ma zan sake tunani, ban ce na sauka ba tukuna. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min wa zai zauna ya yi wa mutum 20 waya duk sati, ku da ku biyu ne a sashenku kamar yadda na san yawancin wurare suke. In kin turo min da abubuwan da kuke so a rubuta a rifaral zan manna a bangon ofis.

SabonLikita ya rubuta:

Na gode ƙwarai manyana, Malama MaiHaƙuri ke ma na gode Allah ya ba ki lafiya. Yau da na tashi aiki na gangara sashen fisiyo namu, kunya ta kama ni don sai da na tambayi hanya. Ba su da shiri na masu huhu amma akwai baranda doguwa a bayansu kuma shugabarsu ta ce in na kawo sifirometa ɗinsa da gwajin zuciya za su auna shi ranar Talata su gani. Na kira 'yar ta ce za ta kawo shi, shi ne dai wai yana ta faɗa yana cewa so ake a ƙarasa shi. Anti in oksijin ɗinsa ya sauka ƙasa da kashi 88 ana cikin tafiyar, tsayar da shi ake yi gaba ɗaya ko a sa masa oksijin a ci gaba? Don a wod yana zaune 91 yake nunawa.